Kano zuwa Abuja a mota: a ina za ka karya, a ina kuma za ka ci na rana?

Shekara da shekaru ina bin hanyar nan ta Kano zuwa Abuja, wani lokaci a motar haya wani lokaci a tamu da iyali, kuma abin da na lura shi ne mutane da yawa suna shirya komai na tafiya, su duba taya su duba mai su kira wanda zai tarbe su, amma maganar ciki sai an hau hanya yunwa ta fara murɗa mutum sannan ya tuna. Daga nan kuma sai duk inda aka tsaya ka ci duk abin da ka samu. Tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai ce fa, idan hanya ta yi kyau awa shida, idan aka haɗu da cunkoso ko wurin da aka karkatar da motoci hannu ɗaya saboda aikin titin nan da ake fama da shi tun 2018, sai ka wuni a hanya. Don haka abinci biyu ne za su same ka a kai, karin kumallo da na rana, kuma kowanne da irin wurin da ya dace da shi.

Bari mu fara da safe. Idan a Unguwa Uku ko Na'ibawa za ka hau mota, zaɓi uku ne a gabanka, mai shayi, mai koko da ƙosai, sai mai waina.

Mai shayi shi ne wanda ba ya ba ka kunya wajen lokaci, tun kafin a idar da sallar asuba tukunyarsa na kan wuta. Akwai wani dattijo da nake zama wurinsa a bakin tasha, teburinsa jere da gwangwanayen madara da Bournvita da biredi an ɗora kamar gini, kana zama zai ce "Alhaji kauri ko ruwan bunu?", idan ka ce kauri sai ya ɗauko kofi biyu ya dinga sheƙa shayin daga wannan zuwa wancan, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko ɗigo ba ya zuba, har ya yi kumfa ya ɗan huce daidai sha. Ƙwai kuma a gabanka zai fasa, ka ga albasar ka ga attaruhun ka ga man da ya zuba. Wannan shi ne babban abin da mai shayi ya fi kowa da shi, komai a idonka ake yi kuma ruwan tafasasshe ne, da wuya ka ji an ce shayi ya ɓata wa wani ciki. Matsalarsa guda biyu ce. Na farko shayi mai yawa yana sa fitsari, kuma direban haya ba zai tsaya maka a Kura ba don kawai ka sha kofi biyu, sai ka matse har Zariya. Na biyu indomi da ƙwai da rabin biredi da kakkauran shayi a lokaci ɗaya nauyi ne da shi, ga fasinja babu laifi ya jingina kai ya yi barcinsa, amma idan kai ne a sitiyari wallahi kafin ka kai Kwanar Dangora idonka ya fara lumshewa. Mai tuƙi ya tsaya a ruwan bunu da wainar ƙwai da ɗan biredi kaɗan, ya isa.

Koko da ƙosai ya fi araha nesa ba kusa ba, musamman tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin ƙwai da madara da biredi suka tashi, yanzu abin da za ka kashe wurin mai shayi kai kaɗai zai iya karyar da mutum biyu ko uku wurin mai ƙosai. Kuma ƙosai wake ne, yana riƙe ciki har hantsi ya ɗaga ba tare da ya kashe maka jiki ba. Abin dubawa kawai shi ne mai. Leƙa kaskon, idan man ya yi baƙi ƙirin yana hayaƙi to na kwana da kwanaki ne ake ta maimaitawa, zai bar maka ƙwarnafi har Kaduna. Sannan ka jira wanda aka tsamo yanzu, kada ka yarda a ba ka na ƙasan roba da ya sha iska. Koko kuwa shi ma ɗan'uwan shayi ne a maganar fitsari, kuma wasu yana sa su kasala, ni dai rabin kofi nake sha in zan yi doguwar tafiya.

Waina da miya ita ce ta fi su daɗi a wurina, in dai ka dace da wadda ta iya, mai laushi a ciki gefen ya ɗan soyu, a zuba miyar taushe ko a barbaɗa ƙuli-ƙuli. Amma waina ba abincin mai sauri ba ce, masu yi da yawa sai gari ya waye sosai suke fara suya, ga layi, kana tsaye kana jiran tanda ɗan kamasho yana ƙwala kiran saura mutum ɗaya. In kuma ka ce a ƙulla maka a leda ka ci a mota, miyar nan sai ta san yadda ta yi ta ɗiga a rigarka ko ta maƙwabcinka. Waina ta mai motar kansa ce, wanda zai zauna a benci ya ci ya wanke hannu ya tashi a natse.

To duk wannan idan a Kano za ka karya kenan. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, ka karya kafin ka tashi ko ka kama hanya da sassafe ka karya a Zariya? Nan ne mutane suka rabu biyu. Masu cewa a tashi da asuba suna da hujja, ka fita Kano kafin 'yan adaidaita sahu su cika titin Zariya, ka wuce Kwanar Dawaki da Tamburawa da Kura cikin sanyin safiya, ka bar Kwanar Gafan kafin motocin tumatir su tare bakin titi in lokacin kakarsa ne, wajen ƙarfe takwas da rabi zuwa tara kana Kwangila. A lokacin Zariya ta farka sarai, masu ƙosai sun yi zafi, masu waina sun fara, masu shayi suna nan, har mai ɗumamen tuwo za ka samu in kana so. Ga wanda cikinsa ba ya karɓar abinci da duku-duku wannan tsarin ya fi. Amma in da yara ƙanana a motar ko tsoho ko mai ciwon suga ko mai olsa, kar ka soma, awa biyu da ciki wayam ba ƙaramin abu ba ne gare su, a ba su wani abu tun a gida ko da kunun gyaɗa ne a filas.

Tsakanin Kano da Zariya kuma akwai wuraren da mota ke rage gudu 'yan talla su yanyame ta, Chiromawa, Kwanar Dangora, Tashar Yari. Waɗannan ba wurin karin kumallo ba ne, wurin ɗan abin taɓawa ne. Yankin Makarfi ƙasar rake ce, in ka ga rake a Tashar Yari saya, amma ka ce a fere maka a gabanka, wanda aka fere tun ɗazu ana ta yayyafa masa ruwa don kar ya bushe ba ka san ruwan ina ba ne. Ayaba, lemo, dafaffiyar gyaɗa mai ɓawo, dafaffen ƙwai da bai fashe ba, duk abin da kai ne za ka ɓare da hannunka, babu damuwa. Yankakkiyar kankana da abarba a cikin leda suna gumi a rana kuwa, ni na daina.

Yanzu na rana, inda rigimar take.

In motar haya ka hau, gaskiya zaɓinka kaɗan ne, direba ne ke da iko, kuma kowa ya sani yawancinsu suna da gidan abincin da suka saba tsayawa inda ake ba su nasu kwanon kyauta ko da rangwame saboda sun kawo fasinja. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, wani lokaci ma alheri ne, don wurin da motoci ke tsayawa ɗaya bayan ɗaya tukunya ba ta kwana, ana saukewa ana ɗorawa. Amma ba dole ba ne ka ci a nan. Sauka ka duba. Sau da yawa taku ashirin daga wurin akwai wata mai garau-garau ko mai ɗanwake da 'yan garin ke ci, ta fi araha ta fi zafi. Kawai ka gaya wa direba, "Oga ina nan gefe, minti goma", ka riƙe lambar motar a kai don Sharon da Homa duk kama suke yi in sun jeru.

Ga mai motar kansa kuma, abin da zai auna shi ne Kaduna ko bayan Kaduna. Ni a nan ba na kwana-kwana, Kaduna. Dalilina na farko hanya ce, daga Gonin Gora ka miƙa Kakau, Sabon Gayan, Rijana, Kateri har Jere, garuruwa ne ƙanana da daji a tsakani, kuma duk wanda ya san abin da hanyar nan ta gani na masu garkuwa da mutane a shekarun baya ba zai so ya faka da iyali yana neman abinci a inda bai sani ba, ko da an samu sauƙi. Wannan yankin a wuce shi da rana tsaka, ciki a ƙoshe, tanki a cike. Dalili na biyu shi ne a Kaduna kana da komai, daga Kawo har ka bi bayan gari ta Nnamdi Azikiwe ka fita, akwai gidajen tuwo, akwai masu sakwara da teba da miyar agushi, akwai gidajen abinci na zamani masu AC, akwai masallatai da banɗaki, in mota ta yi wani ƙara ga bakanike. Ka ci, ka yi alwala, in lokaci ya shiga ka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, shikenan ka sauke nauyi biyu a tsayawa ɗaya.

Sai dai akwai lissafin lokaci da mutane ba sa yi. Gidajen abinci irin na gargajiya yawanci wajen sha ɗaya zuwa sha biyu suke sauke sabon girki. Wanda ya tashi Kano da asuba zai iso Kaduna wajen ƙarfe goma, ya yi wa abincin rana sammako, abin da zai tarar ko dai ba a gama ba ko kuma na jiya ne aka ɗumama. Wanda kuma ya karya a Kano ya tashi takwas da rabi ko tara, zai faɗo Kaduna daidai lokacin da ake buɗe tukunya tururi na tashi. Shi ya sa tsarin biyu kowanne da abokin tafiyarsa, in ka karya a Kano na rana a Kaduna, in ka karya a Zariya to ka ci da kyau sosai, ka sayi guzuri a Kaduna, ka yi niyyar sai Sabon Wuse ko Zuba ko ma cikin Abuja za ka zauna cin abinci.

Na taɓa cin karo da wannan kuskuren. Mun iso wani gidan abinci a bakin titi wajen goma da rabi, mu uku, wurin tsaf-tsaf da kujerun roba da talabijin, babu kowa a ciki sai mu. Na ce a ba ni shinkafa da miya, aka kawo shinkafar da ɗumi amma miyar da na kai loma ɗaya na ji ɗan tsami-tsami can ƙasa, man ya taso ya kwanta a sama. Na kira matar na ce "Hajiya miyar nan ta yau ce kuwa?", ta ce yanzu aka ɗumama. Kalmar ɗumama ɗin nan ya kamata ta ishe ni, amma yunwa ta sa na ci rabi, kuma daga Kateri zuwa Tafa abin da na gani a cikina ba na fatan ko maƙiyina ya gani, ga shi wuri ne da ba ka son tsayawa. Tun daga ranar in na shiga wuri na ga babu mutane a lokacin da ya kamata a ce da mutane, sai in juya. Kyan kujera ba ya gaya maka komai game da tukunya.

Abin da na fi yarda da shi shi ne inda direbobin tirela da tanka suke cin abinci. Mutanen nan kullum suna hanya, Legas zuwa Kano, Fatakwal zuwa Maiduguri, ba za su koma inda ya taɓa ɓata musu ciki ba, kuma ba sa yarda da ɗan tsakure, a cika kwano suke so. Mararrabar Jos kafin ka shiga Kaduna da Tafa bayan ka wuce Jere nan ne manyan zangonsu a wannan hanyar. Tuwon shinkafa da miyar kuka ko kuɓewa, shinkafa da wake da mai da yaji, farfesun kayan ciki, ganda, duk za ka samu da zafinsu kuma kuɗin da sauƙi. Amma fa in faɗi gaskiya, wuraren nan na maza ne matafiya, hayaniya, hayaƙin dizal, ƙura, manyan motoci sun jeru har kan titi wani lokaci su ne ma ke haddasa cunkoson, kuma banɗaki mai tsafta da mace za ta shiga da yara wuya yake. In kai kaɗai ne ko ku maza ne, bismillah. In da iyali, ban ba ka shawara ba.

Da iyali gidan abincin zamani ko wanda ke haɗe da babban gidan mai shi ya fi, ko da kuwa abincin bai kai na Mararraba daɗi ba, kuma sau da yawa bai kai ɗin ba, jalof ne da soyayyiyar shinkafa da kaza da suka daɗe a cikin gilashi ƙarƙashin fitila, ga tsada ninki biyu ko uku. Abin da kake biya a nan ba abincin ba ne kawai, wurin faka mota ne a cikin shinge, banɗaki ne da ruwa, wurin da uwargida za ta canza wa jariri kunzugu ta yi sallah a natse, ga POS yana aiki ba sai ka tsaya kana jiran taransifa ta shiga mai abinci na kallonka ba. A irin wurin nan ma akwai dabara, tambayi yarinyar da ke zubawa "ƙanwata wanne aka sauke yanzu?", yawancinsu za su gaya maka gaskiya in ka tambaya da mutunci. Kuma ka bar salak ɗin nan mai mayonis, shi ne ya fi komai saurin lalacewa a zafin ƙasar nan.

Fura da nono fa? Kai, a tsakiyar zafin Maris ko Afrilu babu abin da ya kai ta, ka ga Bafulatana ta sauke ƙwarya a gindin bishiya, ta buɗe faifai, ta saka curin fura biyu ta dinga dama shi da bayan ludayi har ya narke, ta ce "a sa suga?". Tana ƙosarwa tana kashe ƙishi. Amma abu biyu, fura tana kawo barci fiye da tuwo ma, direba ya nisance ta sai ya sauka, sannan ruwa ko ƙanƙarar da ake ƙarawa shi ne inda matsala ke shigowa. Ni in zan sha sai in miƙa mata ruwan gorata in ce "Inna da wannan za ki dama mini", ba wadda ta taɓa ƙi.

Nama kuma, tsire da balangu na yamma ne, mahauta da yawa sai bayan la'asar suke hura wuta, don haka tsiren da ka gani an miƙo ta taga da ƙarfe sha ɗaya na safe ka tambayi kanka yaushe aka gasa shi. In za ka saya sauka ka ce a mayar maka kan wuta ya yi zafi har ciki. Kilishi da dambun nama su ne naman tafiya na asali, busassu ne ba sa lalacewa da wuri, amma a saye su a Kano wurin wanda ka sani tun kafin ranar tafiya, sun fi na bakin titi da ƙura ta gama bi.

Wannan ya kawo ni kan guzuri, wanda iyayenmu ba sa tafiya sai da shi kuma yanzu wasu ke jin kunyar ɗauka. In za a auna da kuɗi da tsafta da kwanciyar hankali babu abin da ya kama ƙafar kular da aka cika a gida. Sai dai a san abin da za a zuba. Dambun shinkafa, soyayyen nama ko kaza da aka soya ta bushe, dafaffen ƙwai, soyayyar doya ko dankali, gurasa, cincin, dabino, waɗannan suna kai wa yamma lafiya. Alale da wake da duk wani abu mai miyar ganye ko kifi in suka wuce azahar a cikin but mai zafi sun fara juyawa. Inda guzuri ya gaza shi ne ba ya ba ka dalilin sauka ka miƙe ƙafa, kuma mai tuƙi yana buƙatar wannan ko da bai ji yunwa ba, don haka ko da kula a mota a tsaya a Kaduna ɗin dai, a samu inuwa kusa da masallaci a shimfiɗa tabarma a ci a can.

Ni yanzu in da yara, muna karyawa a gida da koko da ƙosan unguwa, mu tashi wajen takwas, kula a but da katan ɗin ruwa, mu tsaya Kaduna a wuri mai banɗaki mu ci mu yi sallah, daga nan ba tsayawa sai mun hango dutsen Zuma. In ni kaɗai ne a motar haya kuwa, ruwan bunu da ƙwai wurin dattijon nan na tasha, kilishi da dabino a jaka, in direba ya tsaya in sauka in zaga in ga inda tururi ke tashi kuma mutane suka fi yawa, in ban gani ba in koma mota in ci dabinona har Zuba.